Wa Ya Ce Miki Ba Ki Da Kyau?

Wannan ce shekarata ta ƙarshe a difloma, kuma kafin in bar makarantar nan akwai maganar da nake so in sauke daga raina. Ta shafi gidanmu, amma na san da yawanku za su ga nasu gidan a cikinta.

A watan Disambar bara aka yi bikin ƙanwata, 'yar ƙanen babana, a babban gidanmu da ke Ƙofar Marke. Tare muka tashi, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Baƙa ce siririya, irin baƙin nan mai sheƙi, kuma tun muna yara ban taɓa jin ta yi ƙorafi a kan jikinta ba. Saura wata huɗu biki wata gwaggonmu ta zo ganin lefe. Ta kalle ta sama da ƙasa ta ce: "Wagga ɗiya haka za a kai ta ɗaki? Ga ta baƙa, ga ta kamar sillen kara. Ku gyara ta, kada dangin miji su ce da yunwa munka bar ta." Aka kwashe da dariya. Wallahi har da ni.

Ita kam ba ta yi dariya ba. Kafin mako ya zagayo ta sayi haɗin mai a wajen wata mai talla a WhatsApp, kwalba ba suna ba lamba, sai dai rantsuwar cewa "organik" ne. Ta haɗa da wasu 'yan ƙwayoyi daga kemis, waɗanda ake wa laƙabi da "sha ka fashe". Ranar biki ta yi fari, kumatu sun ciko, kowa sai cewa yake amarya ta sha gyara. Gwaggon nan ita ta fi kowa guɗa. Wata uku bayan tarewa, nankarwa ta tsattsaga mata damatsa da cinyoyi, gaɓoɓin yatsunta suka yi baƙi ƙirin, fuskarta ta daina ɗaukar rana, ga yawan ƙishirwa da fitsari. Da aka kai ta asibiti aka auna, sukarin jininta ya hau. Tambayar farko da likita ta yi mata ita ce: "Me kike shafawa, me kuma kike sha?"

Tun daga ranar nake tambayar kaina: yarinyar da ta yi shekara ashirin ba ta ga aibun jikinta ba, yaya aka yi wata huɗu suka ishe ta ta tsane shi? Amsar da na samu ita ce, ba a haifar mutum da ƙin jikinsa. Koya masa ake yi. Gida ya fara, fim da waya su ɗora, kasuwa ta zo ta karɓi kuɗinta.

Daga gida ake farawa

Mun saba ɗora wa Turawa da intanet laifin komai, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: darasin farko a tsakar gida ake ba da shi. Ku tuna ranar suna. Jariri bai ko buɗe ido sosai ba, za ku ga mata suna leƙa kunnensa da gindin faratansa, wai a gane ko zai yi fari ko zai rine. In kunnen ya yi duhu sai a ce, "Ayya, wannan na babansa ya ɗauko." Wannan "ayya" ɗin ita ce farkon karatu.

Yaro na tasowa sai laƙabi ya biyo baya: Duna, Lukuti, Gajere, Ƙashi-da-rai, Mai-kunnen-zomo. Manya suna ganin wasa ne, amma yaron yana ajiyewa. Ga kuma kirarin da duk muka tashi muna ji, wai farar mace alkyabbar mata. Ban taɓa jin wani kirari mai irin wannan nauyi da aka yi wa baƙar mace ba. Ko a harshenmu, abu mai daɗi fari ne, marar daɗi baƙi: farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, farar aniya da baƙar aniya. Asalin waɗannan kalmomi ba su da alaƙa da launin fata, na yarda. Sai dai yarinya 'yar shekara bakwai da ake kira Baƙa a gida da makarantar allo ba ta san wannan bayanin ba.

In ta isa aure sai abin ya ƙara nauyi. Saurayi ya ce shi fara yake so. Ƙawaye su ce, "In ba ki gyara ba za a yi miki kishiya fara, ki zama bora." A wurin da rufin asirin mace da darajarta a idon dangi suka rataya ga aure, wannan magana ba ƙarama ba ce. Shi ya sa ba na son yadda muke saurin kiran masu bilicin marasa godiyar Allah. Da yawansu tsoro ne ya kai su, kuma mu muka tsorata su.

Ma'aunin da ba ya tsayawa wuri ɗaya

Da a ce kyau abu ne guda tabbatacce, da ko'ina a duniya ma'auninsa ɗaya ne. Amma ku duba. A Muritaniya akwai tsohuwar al'adar ɗura wa 'yan mata madara da abinci dole don su yi ƙiba kafin aure. Zabarmawa a Nijar, maƙwabtanmu, sun daɗe suna ɗaukar ƙibar mace a matsayin ado da alamar kulawar miji. Efik na Kalaba suna da ɗakin da ake killace budurwa a ciyar da ita har ta cika. A daidai lokacin kuma, a Turai da Amurka 'yan mata suna hana kansu abinci har wasu su kwanta asibiti, don can siranta ake yabo. Mu muna neman man da zai sa mu yi fari, Bature yana kwanciya a rana ko cikin na'ura don ya yi duhu.

Akwai wani bincike da ya nuna yadda ma'aunin ke sauyawa cikin ƙanƙanin lokaci. A tsibirin Fiji da ke tekun Fasifik, mutane sun saba yabon jiki mai cika, rama kuwa alamar rashin lafiya ce a wajensu. A shekarar 1995 talabijin ta isa yankin Nadroga, da shirye-shiryen Amurka da Ostireliya da Ingila. Wata likita daga Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta yi nazari a kan 'yan matan sakandare a lokacin, ta sake yi a 1998. A karon farko ba a samu ko ɗaya da ke tilasta wa kanta amai don rage ƙiba ba. Bayan shekara uku, kusan kashi 11 cikin 100 sun ce suna yi. Jikinsu bai canza ba. Abin da suke kallo ne ya canza.

A nan ma muna gani. Lokacin iyayenmu wushirya da tsagar fuska ado ne. Yau wasu kunya suke ji da su. Shekarun baya ƙiba gaba ɗaya ake so, yanzu kuma wai a cika sama da ƙasa amma ciki ya shafe kamar faranti, siffar da mafi yawan mata ba a halicce su da ita ba. In ka bi ma'aunin bana, baɗi an sauya shi.

Daga silima zuwa tafin hannu

Tun wajen shekarun 1950 da 1960 gidajen silima a Arewa suke nuna finafinan Indiya, kuma jarumar kusan kullum fara ce mai dogon gashi. Da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano daga shekarun 1980, sai siffar ta koma kan takarda. Duk wadda ta yi karance-karance a sakandare ta san yadda ake kwatanta tauraruwar labari: fara tas, doguwa, dara-daran idanu, hanci har baka, gashi har gadon baya, kamar Balarabiya. In an kawo baƙa mai gajeren hanci, sau da yawa 'yar aiki ce ko muguwar kishiya. Finafinan Hausa na bidiyo, da suka bunƙasa bayan fitowar Turmin Danya a 1990, su ma sun ɗauki kaso mai yawa na wannan ma'auni. Ba na cewa kowane marubuci ko ɗan fim haka yake, amma ku ƙirga da kanku: a finafinai goma da kuka kalla kwanan nan, jarumai mata nawa ne baƙaƙe?

To amma silima sai ka je, littafi sai ka ara. Waya kuwa tana ƙarƙashin matashin kai.

A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Leon Festinger, ya yi bayanin cewa mutum yana auna kansa ne ta hanyar kwatanta kansa da wasu. Wannan ɗabi'a ce, kowa yana yi. Bambancin yana ga waɗanda kake kwatanta kanka da su. Kakata da matan unguwa take auna kanta, waɗanda take gani a gidan biki da wajen daka, da guminsu da ƙurajensu da kaushinsu. Ni kuwa kafin in tashi daga kan gado na ga fuskoki ɗari a TikTok da Instagram. Kowace fuska an zaɓo ta daga cikin hotuna masu yawa, an haska ta da fitila, an bi ta da filta. Filtar nan tana ƙara haske, ta siranta hanci, ta ƙara girman ido, ta goge tabo. Wato muna auna fuskarmu ta safiya da fuskar da ko mai ita ba ta da ita.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne filtar da muke sa wa kanmu. Akwai lokacin da na yi kusan shekara ban ɗauki hoto ba sai da Snapchat. Ranar da aka ɗauke mu hoton katin jarrabawa, na kalli hoton na ce ai wannan ba ni ba ce. Alhali ni ce. Wadda na saba gani a waya ce ba ni ba.

Su kuma manhajojin an gina su ne don su riƙe ka. Suna lura da bidiyon da ka daɗe a kansa, sai su ƙaro maka irinsa. In kika tsaya daƙiƙa goma a kan tallan man ƙara haske, gobe za ki ga biyar, jibi ki ɗauka duk duniya shafawa take sai ke. Kamfanonin sun san illar. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin. A cikinsu akwai binciken da suka yi da kansu, inda kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya suka ce in suna jin haushin jikinsu, Instagram yana ƙara musu. Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki: Faransa tun 2017, Norwe kuma tun 2022, sun wajabta a sa alama a jikin hoton talla in an gyara siffar jikin mai tallar.

Wa ke cin ribar?

Mutumin da ya gamsu da jikinsa ba ya sayen komai. Shi ya sa talla take fara nuna maka aibi, sannan ta nuna maka kwalba. A Indiya an shafe shekaru ana sayar da wani mai suna Fair & Lovely da tallan da ke nuna baƙar yarinya ba ta samun aiki ko miji sai ta yi haske. Sai a 2020, bayan suka ta yi yawa, kamfanin Unilever ya sauya masa suna zuwa Glow & Lovely.

A Najeriya abin ya daɗe. Tun 1976 Fela Kuti ya fitar da waƙar Yellow Fever yana sukar bilicin. A 2011 wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ambato cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara haske. Adadin ya samo asali ne daga binciken da aka yi tsakanin 'yan kasuwa a Legas, amma duk wanda ya zaga layin masu kayan shafa a babbar kasuwar Sakkwato ya san abin ya yi yawa. A 2023 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Kodibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ghana ta hana masu ɗauke da haidrokwinon a 2016.

Me ke cikin kwalbar? Galibi abu uku ne.

Na farko haidrokwinon. Fatarmu tana yin wani sinadari mai suna melanin, shi ke ba ta launi, shi ke kare ta daga zafin rana. Haidrokwinon yana hana fata yin sa. Likitocin fata suna ba da shi na ɗan lokaci don goge tabo, amma in aka daɗe ana shafawa sai ya juya, fuska ta yi dabbare-dabbaren baƙi mai shuɗi-shuɗi wanda yake da wuyar magani. Dokar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba. Mai haɗa mai a ɗakinta da cokali, wa ya auna mata?

Na biyu sitiroyid, irin su kilobetasol, wato 'yan tub ɗin nan da ake matsewa cikin mai. Asalinsu maganin cututtukan fata ne masu tsanani. Suna sa fata ta yi laushi ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, su kawo nankarwa, ƙuraje da ƙyasbi, kuma rauni ya daɗe bai warke ba. Wannan babbar matsala ce ga macen da za a yi wa tiyatar haihuwa. Suna kuma ratsa fata su shiga jini, su tayar da hawan jini da sukari.

Na uku makuri, wanda Hausawa suka sani da zaiba. Yana lalata ƙoda da jijiyoyi, yana kuma iya kaiwa ga ɗan da ke ciki ko mai shan nono.

Ku haɗa wannan da ranar Sakkwato. A watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40. Melanin ita ce lemar da aka halicce mu da ita, mu kuma muna biyan kuɗi a cire mana.

Ƙwayoyin ƙiba su ma galibi biyu ne. Akwai sifiroheftadin, maganin ƙaiƙayi da mura, wanda ke buɗe ciki ya kawo barci. Akwai kuma deksametazon, wanda shi ma sitiroyid ne. Cikar da yake kawowa ba ta lafiya ba ce: ruwa ne yake taruwa, kitse ya koma fuska da ciki da doron wuya, ƙafafu su rame, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta sauka. Kuma wanda ya daɗe yana sha, haɗari ne ya daina rana ɗaya, domin jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin. Sai likita ya riƙa rage masa a hankali. Haka aka yi wa ƙanwata.

Maza ma ba su tsira ba

Kada 'yan uwana maza su ɗauka wannan zancen mata ne. A ajinmu akwai wanda ba ya cire hula ko a ɗakin gwaji saboda sanƙo ya fara masa yana ɗan shekara ashirin da uku. Akwai wanda ba ya shiga hoton rukuni sai a zaune, don ana tsokanarsa da gajarta. Akwai masu kwana ɗaga ƙarfe suna shan garin da ba su san me ke ciki ba, don su yi ƙirji irin na 'yan ƙwallo da mawaƙan da suke bi. Masu shafa man matansu ko na ƙannensu a ɓoye ma suna nan, gwiwar hannu ce ke tona su. Bambancin kawai, namiji ba ya faɗa, don in ya faɗa dariya za a yi masa.

Sannan maza ku sani bakinku yana da nauyi. Duk lokacin da kuka zauna a majalisa kuna cewa ku sai fara, ƙannenku mata suna ji ta taga.

To me za mu yi?

Ba ina cewa a daina ado ba. Lalle, kitso, dilka, turare, kwalli, man kaɗanya, motsa jiki da cin abinci mai kyau, duk gyara ne, kuma muna so. Tambayar da nake ganin ya kamata mutum ya yi wa kansa ita ce: wannan abin kula da jikina nake yi, ko so nake in rabu da shi in samu na wani? Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa bambancin harsuna da launuka yana cikin ayoyin Allah. Abin mamaki, muna karantawa da safe, da yamma mu tsokani baƙar ƙanwarmu.

Ga kaɗan daga abin da nake ganin yana hannunmu. Mu daina gaisuwa da jiki. "Kin rame", "kin yi baƙi", "ka yi tumbi" ba gaisuwa ba ce, kuma ba mu san abin da mutum yake fama da shi ba. Mu tace abin da muke kallo: duk shafin da in kin rufe shi kike jin kin raina kanki, ki daina binsa, manhajar za ta koyi daina kawo miki irinsa. Kada mu shafa ko mu sha abin da ba shi da suna da lambar NAFDAC, kuma kalmar "organik" a bakin mai talla ba shaida ba ce. Wadda ta riga ta fara, kada kunya ta hana ta zuwa asibiti, akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda kuma damuwar siffarsa ta kai shi ga ƙin shiga mutane, ko ƙin cin abinci, ko kwana gaban madubi, wannan ciwo ne da ake magani, ya nemi likita. Ina kuma roƙon ƙungiyarmu ta ɗalibai ta gayyato likitan fata da mai haɗa magunguna su yi mana lacca a makon ɗalibai. Za ku sha mamakin yawan masu tambaya.

Ƙanwata tana samun sauƙi, alhamdu lillahi. Sukarin ya sauka, launinta yana dawowa a hankali, amma likita ta ce nankarwar sai dai ta dushe, ba za ta ɓace ba. Na nemi gafararta a kan dariyar da na yi ranar ganin lefe. Ta ce ta manta, amma na san ba ta manta ba, domin ta maimaita mini maganar gwaggo kalma bayan kalma.

Makon jiya aka yi suna a maƙwabtanmu. Jaririyar tana hannuna sai wata dattijuwa ta matso ta kama kunnenta tana dubawa. Kafin ta buɗe baki na ce, "Inna, lafiyarta lau, kilo uku da rabi aka haife ta. Ku sa mata albarka." Ta kalle ni, ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya raya.